Aron Kunne: Yadda Na Riƙi Ɗan Kwikwiyo A Daɗin Kowa

Duk ɗalibin Hausa ya san cewa kalmar "ji" ba ƙaramar kalma ba ce. Da ita muke jin sauti, da ita muke jin yunwa da sanyi da ƙamshi, da ita kuma muke jin harshe, shi ya sa ake tambayar baƙo, "Kana jin Hausa?" Idan yaro ya gagara sai a ce ba ya ji. Idan an yi wa mutum bayani ya gane sai ya ce ya ji. Ke nan a wurin Bahaushe saurare da fahimta da biyayya duk a ƙwarya ɗaya suke ci. Illar wannan kuwa a kan kurma take faɗawa, domin da zarar an ce wane ba ya ji, sai zukatan mutane su ɗauka har hankalin ma ba ya nan. Bugu da ƙari, makaho yana da sanda da ɗan jagora, gurgu yana da keke, amma kurma ba a cika tunanin yana buƙatar komai ba, tunda idonsa biyu, ƙafarsa biyu, kuma lalurarsa ba ta fito fili ba.

Abin da nake so in ba 'yan uwana ɗalibai labari shi ne yadda na riƙi wani ɗan kwikwiyo a unguwarmu ta Daɗin Kowa da ke Jos, da niyyar ya zame wa yayata kunne. Na san da yawa daga cikin masu karatu za su yamutsa fuska da jin an ambaci kare. Ina roƙon a ba ni aron hankali zuwa ƙarshe, sannan kowa ya yanke hukunci.

Wace Ce Yaya?

Yaya ba da kurumta aka haife ta ba. Tana da shekara biyar aka kai ta wurin kakarmu a Kano, sai annobar sanƙarau ta 1996 ta rutsa da ita. Wannan annoba ta kama mutane fiye da 100,000 a arewacin Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Yaya tana cikin waɗanda Allah ya yi da sauran kwanansu, sai dai ta tashi daga jinya kunnuwanta duka biyu sun mutu. Ni ba a ma haife ni ba a lokacin, saboda haka ban taɓa sanin ta da ji ba. Tun ina rarrafe da hannu muke hira.

Ta yi karatu a makarantar kurame ta Jihar Filato da ke Bassa. A can ta koyi maganar hannu irin ta makaranta, wadda asalinta ta Amurka ce. Wanda ya yaɗa ta a wannan yanki shi ne Andrew Foster, wani kurma baƙar fatar Amurka da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, ya kuma kafa makarantu fiye da 30 a Afirka kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a 1987. A gida kuma akwai tamu ta gado, irin wadda kuramen ƙasar Hausa suka daɗe suna yi a kasuwa da majalisa, wadda Bajamushiyar nan Constanze Schmaling ta yi bincike a kanta a Kano, ta fitar da littafi a shekarar 2000. Yaya takan gauraya biyun, kuma in tana ba da labari sai ka yi dariya har cikinka ya ƙulle. Ba ta rasa harshe ba, ba ta kuma rasa wayo ba. Abin da ta rasa shi ne labarin abin da ke faruwa a bayanta.

Mai ji ba ya lura da yawan saƙon da kunne ke kawo masa a yini. Sallama a ƙofa, tafasar tukunya, ƙahon mota, kiran maƙwabciya cewa hadari ya taso a kwashe shanya, duk kyauta muke samun su. Na tuna a rikicin Jos na watan Janairun 2010, ina yaro, wani ihu ya tashi daga bakin titi, kowa a gidanmu ya ruga ɗaka aka kulle. Sai da aka ƙirga kai aka ga babu Yaya. Tana bayan gida tana wanki abinta, ba ta san duniyar da ake ciki ba. Allah ya kiyaye, ihun bai zama komai ba, domin Daɗin Kowa na cikin unguwannin da wutar ba ta ci ba. Amma daga ranar Inna ba ta ƙara sakin jiki ba.

A 2019 Yaya ta auri wani tela, shi ma kurma, suka kama gida layi biyu tsakaninmu. A ƙarshen 2021 ta haifi 'ya mace. Da dare babu matsala, don da hannunta a jikin jaririyar take barci. Rana ce abin ji. Wata rana ta shimfiɗar da yarinyar ta fita tsakar gida girki, yarinyar ta farka ta yi ta tsala kuka har muryarta ta dishe. Maƙwabta suka yi ta bugun ƙofa a banza, sai da aka ɗora wani yaro ya haura katanga. Maganar ta kai kunnen surukarta, ita kuwa ta ce da zarar an yaye yarinyar za ta ɗauke ta riƙo, wai kurame biyu ba za su iya renon mai ji ba. Ba da mugunta ta faɗa ba, tsoro ne irin na kaka. Amma ranar da aka fassara wa Yaya wannan magana, na ga ta rungume 'yarta ta juya fuska bango, ta ƙi kallon hannun kowa. Kurma in ya ƙi kallonka, ya toshe kunne ke nan.

Inda Dabarar Ta Fito

Wata ƙawata da ke karanta ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Jos ita ta fara nuna mini wani bidiyo a wayarta. Wata mata ce kurma a Ingila tana zaune, aka danna ƙararrawar ƙofa, sai wani ɗan kare ya zo ya dungure ta da hanci, ta buɗe tafin hannu alamar tambaya, ya juya ya kai ta bakin ƙofa. Daga nan na shiga bin diddigi.

Ashe abin ya daɗe. A Amurka, wani mai suna Roy Kabat, wanda a da yake horar da dabbobi don finafinai, ya kafa ƙungiyar horar da karnukan kurame a jihar Oregon a 1977. A Ingila kuma a 1982 wani likitan dabbobi mai suna Bruce Fogle da wata mata Lady Beatrice Wright suka kafa ƙungiyar Hearing Dogs for Deaf People. Karensu na farko, mai suna Favour, ba wani ɗan dangi ba ne, daga gidan ajiye karnukan da ba su da masu su aka ɗauko shi. Karnukan wannan ƙungiya 'yar riga ja mai duhu ake sa musu don jama'a su gane su. Aikinsu shi ne su taɓa mai su idan sun ji sautin da aka koya musu, su kai shi inda sautin yake. Amma idan ƙarar gargaɗin gobara ce, sai su taɓa shi su kwanta a ƙasa, don kada su ja shi cikin haɗari.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, ba ƙwararru ke fara aikin ba. Idan kwikwiyo ya kai kimanin mako takwas, sai a miƙa shi ga wani gida na 'yan sa-kai, ya zauna da su shekara guda ko fiye. Su za su saba masa da mutane da motoci da kasuwa da yara, su koya masa natsuwa. Bayan nan ne ake kammala masa horon sauti, a haɗa shi da kurman da zai zauna da shi. Da na karanta haka sai na ce, ai wannan riƙo ne. Mu ma a al'adarmu ana ba gwaggo ko kawu yaro, su ci da shi, su sha da shi, su yi masa tarbiyya, alhali sun san wata rana zai tafi. Na ce a raina, in dai riƙo ake so a yi, bari ni in riƙi kare don a bar wa Yaya 'yarta.

Baba Da Malam

Da na kai wa Baba maganar, kallon da ya yi mini ya ishe ni amsa. Ya ce, "Ke yanzu duk karatun naki a kan kare ya ƙare? A gidana?" Na durƙusa na ce, "Baba, ka yi haƙuri, a tambayi Malam. Abin da ya ce shi ke nan." Ya yarda, ina jin don ya tabbata Malam zai goyi bayansa.

Malamin da ke ba su karatu bayan magariba ya saurari bayanina har ƙarshe. Sai ya ce a mazhabar Malikiyya, wadda ita muke bi a wannan ƙasa, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai umarni ne da ake bi don bauta. Ya ce abin da aka hana shi ne ajiye kare haka kawai, amma an yi izini don farauta da kiwo da gadin gona, kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta ambaci dabbobin farauta da ake horarwa. Ya ƙara da labarin da masu sharhin Risala suke kawowa, cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maƙiya. Daga nan ya dubi Baba ya ce, "Alhaji, in an yarda kare ya tsare akuya, ina ga jikarka?" Sai dai ya kafa sharuɗɗa: karen ya tsaya a tsakar gida, kada ya shiga ɗakin kwana ko wurin salla, a ware masa kwanonsa, kuma kada a bar shi da yunwa, don haƙƙinsa yana wuyanmu. Baba ya yi shiru, can ya ce, "To, Allah ya sa a dace."

Icce Tun Yana Ɗanye

A watan Fabrairun 2022 malaman jami'o'i suka shiga yajin aikin da ya ɗauki wata takwas, sai na samu lokacin da ban taɓa zato ba. A tsakiyar Maris wata maƙwabciyarmu Kirista, wadda muke kira Mama, ta ba ni ɗaya daga cikin 'ya'yan karyarta, yana da mako takwas. Karen gida ne ja, irin wanda ake gani a kowane lungu. Na zaɓe shi ne don da na saki murfin tukunya a ƙasa, 'yan uwansa suka watse, shi kuwa ya ɗan ja da baya, sannan ya dawo yana shinshina murfin. Na sa masa suna Jakada. Yaya kuma ta raɗa masa nata sunan da hannu, wato ta lanƙwasa yatsa a saman kunnenta na hagu, don kunnensa na hagu a karye yake. Haka kurame ke yi wa kowa suna, da wata alama ta jikinsa.

Ya kamata mai karatu ya san wani abu a nan. Babu wanda ke koya wa kare ji. Ɗan Adam ba ya jin sautin da kaɗawarsa ta wuce 20,000 a daƙiƙa, kare kuwa yana jin ninki biyu na haka har da ɗoriya. Abin mamaki, shi ma kwikwiyo kurma ake haihuwarsa, kunnuwansa a toshe, sai bayan kimanin mako biyu suke buɗewa. Daga mako na uku zuwa wajen na goma sha biyu akwai wani ɗan lokaci da zuciyarsa ke karɓar duk abin da ya gani a matsayin abin duniya na yau da kullum. Masana biyu, John Paul Scott da John Fuller, su suka fi yin bayanin wannan a littafinsu na 1965, bayan shekaru suna nazarin karnuka a jihar Maine ta Amurka. Kwikwiyon da ya wuce wannan lokaci bai saba da hannun mutum ba, da wuya ya daina tsoron mutane har ya mutu. Karen da ke cikin tsoro kuwa ba ya isar da saƙo, ta kansa yake yi. Ke nan ni mako huɗu kacal suka rage mini.

Da yake ba a gama yi masa allurai ba, ban bar shi ya taka ƙasa a waje ba. A cikin kwali nake ɗaukarsa, in rufa masa tsohon zane saboda sanyin Jos. Kullum da inda za mu. Yau wurin mai injin markaɗe, gobe bakin titin Bukuru mu zauna muna kallon tireloli da keke, jibi wurin mai walda ko mai janareta. Nakan fara daga nesa, in ya natsu in ba shi ɗan guntun ƙuli-ƙuli, sannan mu matsa kusa. In na ga ya maƙale wutsiya sai mu ja baya, ba dole. A shekarar azumi ya zo a watan Afrilu, Ista ma ta faɗo a cikinsa, saboda haka a 'yan makonni ya ji gwangwanayen 'yan tashe, ya ji lasifikar tafsiri, ya ji ganguna da waƙoƙin coci. Ruwan farko da ya sauka da tsawa da ƙanƙara a kan kwano, a zaure muka zauna ni da shi ina ba shi kan kifi, har ya ɗauka tsawa alamar cin daɗi ce.

Da ya cika wata uku na kai shi asibitin dabbobi aka yi masa allurar ciwon haukan kare, aka ba ni kati. Wannan ba abin wasa ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma in alamunta suka bayyana babu magani. Mu a Filato ba mu da uzuri, tunda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa tun 1924, a nan kusa da mu take, kuma tana yin wannan allura. Sai maganin tsutsar ciki da na kaska, waɗanda suka cinye ɗan kuɗin da nake samu a kitso.

Babban aikin dai ba injuna ba ne, mutane ne. A unguwanninmu yaro in ya ga kare, hannunsa ne ke fara neman dutse kafin ya yi tunani. Jifa ɗaya mai kyau ta isa ta rushe aikin wata guda. Don haka na tara yaran layinmu, na Musulmi da na Kirista, na ce musu wannan karen ɗan makaranta ne, kuma su ne malamansa. Na koya musu su tsuguna, su miƙa bayan hannu, su bar shi ya zo da kansa. Wanda ya fi kowa iya jifa shi na naɗa sarkin tsaro. Kafin sati biyu, in wani baƙon yaro ya ɗaga dutse, su ke tare shi. Na kai shi wurin tsofaffi masu sanda, da mata masu niƙabi, da 'yan garuwa, da mai kayan gwari, da ɗan sanda mai kaki, don kada wata shiga ta zame masa baƙuwa. Masu ƙyamar taɓa shi ban matsa musu ba, na roƙe su dai kada su daka masa tsawa.

A nan na ƙara gane darajar unguwarmu. Masu bincike sun yi rubutu a kan yadda Daɗin Kowa ta tsira a rikice-rikicen 2008 da 2010, har wata masaniya mai suna Jana Krause ta fitar da littafi a 2018 tana bayanin yadda dattawa da limamai da fastoci da mata suka haɗa kai suka riƙe matasansu. Ni shaidata ƙarama ce: kwikwiyon da aka haifa a gidan Kirista, malamin Musulunci ya yi masa izini, yaran gidajen biyu suka yi renonsa. A unguwar da aka raba da iyaka, rabin darasinsa ba zai samu ba.

Sauti Uku

Da ya kai wata biyar muka shiga karatun sauti. Na taƙaita a kan uku: bugun ƙofa, kukan jaririya, da ƙararrawar wayar da Yaya ke saitawa in ta ɗora tukunya. Na fara koya masa taɓa ƙafar mutum da dantsensa maimakon hanci, saboda kada yawu ya taɓa tufafin salla hankalin Yaya ya ƙi kwanciya. Sai in sa ƙanena ya buga ƙofa, in ya taɓa ni in buɗe tafin hannu, mu tafi ƙofar tare, a can zai samu ladarsa. Kukan jaririyar kuwa a waya na naɗa, nakan ɓoye ta a ɗaki, shi kuma ya kai ni bakin labule ya tsaya. Ba ma wuce minti biyar a zama ɗaya, amma sau da yawa a yini. Ban taɓa dukansa ba. Karen da ake duka yana koyon ɓoyewa ne, mu kuwa so muke ya riƙa zuwa da kansa ba a kira shi ba.

Akwai wani abu da ya bambanta wannan aiki da sauran horon kare. Karen farauta ko na gadi umarni yake jira. Wannan kuwa shi zai fara magana, domin mai shi ba ta san an yi sautin ba balle ta umarce shi. Haka kuma dole duk abin da zan faɗa masa ya zama da hannu. Zauna, zo, bari, madalla, kowanne da alamarsa, kuma Yaya ce ta tsara su. Na yi makonni ina kame bakina in muna tare. A nan na ga abin da malamanmu na ilimin harsuna ke faɗa, cewa ma'ana ba a cikin sauti take zaune ba, yarjejeniya ce tsakanin masu sadarwa. Har ya zamana Jakada ya fi yawancin danginmu kallon hannun Yaya.

Ranar Miƙawa

Aka janye yajin aiki a watan Oktoba, na koma makaranta, sai muka fara mayar da shi gidan Yaya a hankali, yini ɗaya, sannan kwana ɗaya, har ya koma gaba ɗaya a farkon 2023. Sharaɗin wannan mataki yana da ɗaci. Dole abinci da wasa da yabo duk su koma hannunta, ni kuma in na je in yi kamar ban san shi ba. Ranar farko da ya rugo yana kaɗa wutsiya na ɗauke kai, sai ya zauna yana kallona da karyayyen kunnensa. Na shiga ɗakin Yaya na yi kukana. Inna da ta ji labari ta ce, "Yanzu kin san abin da gwaggonki ta ji ranar da aka karɓe ɗan riƙonta." Bayan wata biyu na je gidan na buga ƙofa, na ji gudunsa ya yi cikin gida maimakon wurina. Jim kaɗan Yaya ta buɗe, yana gefenta. Ban taɓa jin daɗin an share ni irin na ranar ba.

Surukar Yaya ta zo da kanta ta yini, lokacin yaye ya matso. Tana zaune a tabarma yarinyar ta farka a ɗaki ta fara kuka. Kafin tsohuwar ta yunƙura, Jakada ya riga ya isa madafa ya taɓa ƙafar Yaya, ta aje muciya ta bi shi. Tsohuwar ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah!" Ba ta ce ta janye maganarta ba, manya ba sa haka. Amma da aka yi yaye, kwana bakwai yarinyar ta yi a wurinta aka dawo da ita, kuma ba a sake tayar da zancen ba.

Ba zan ce Jakada ya kai karnukan Ingila ba. Sauti uku ya sani, sai na huɗu da ya ƙara wa kansa, wato ƙarar keken mai gidan in ya dawo. Har gobe in ya ga akuya sai an riƙe shi. Ba a barin sa shi kaɗai da yarinyar, don dabba dabba ce. Ba ya shiga mota ko asibiti da Yaya, tunda jama'a ba su san da irinsa ba. Amma yanzu tana wanki a bayan gida ba tare da tana tashi duk minti biyu tana leƙa ɗaki ba, kuma baƙonta ba ya komawa da sallamarsa.

Kira Ga 'Yan Uwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kimanin miliyan 430 ke fama da rashin ji mai tsanani a duniya, kuma mu da muke cikin yankin sanƙarau muna da kaso mai yawa. A watan Janairun 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci a Nijeriya. Doka dai takarda ce sai an samu masu aiki da ita. A nan Filato muna da likitocin dabbobi a Vom, da masana ilimin kurame a jami'a, da makarantar Bassa, duk a tafiyar da ba ta kai yini ba. Karnuka kuwa ga su nan birjik, har kasuwarsu ake ci a Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke. Abin da ya rage shi ne gidajen da za su yarda su yi riƙo, da unguwannin da za su hana yaransu jifa. Bahaushe ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma zomon kurma a yau shi ne ƙofa da tukunya da kukan ɗansa.

Mu ɗaliban harshe muna da namu kason. Na farko, abin da ba shi da suna ba ya shiga zance. Ni "karen saurare" nake kiransa, wata ƙawata ta ce "ɗan jagoran kurma" ya fi. Ina so a tattauna wannan a aji, a samo wanda ya fi zama a baki. Na biyu, mu daina kiran kowane kurma bebe, mu kuma lura da yadda "ba ya ji" ke ɗaukar ma'ana biyu a bakinmu. Na uku, wanda ke neman batun kundin kammala digiri ya waiwayi maganar hannu ta ƙasar Hausa, domin harshe ce mai ƙa'idojinta, masu ita kuma suna nan a kasuwanninmu. Wanda duk wannan ya yi masa nisa, to ya koyi gaisuwa da hannu ko guda ɗaya ce, in kuma ya ga yaro ya ɗauki dutse zai jefi kwikwiyo, ya riƙe masa hannu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya bar mu da zaman lafiya a unguwanninmu, amin.